Ɗan ajinmu ya rubuta abin da bai duba ba. In kai shi kotun ɗalibai?

Ɗiyar Gwale:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na kwana biyu ban ce uffan ba a nan, yau ma damuwa ce ta kawo ni. Ina shekara ta uku a makarantar likitanci a nan Amurka, shekarar da ake barin aji a shiga asibiti. Ranar Talata aka tura mu mu biyu, ni da wani ɗan ajinmu, mu ga wani dattijo mai ciwon sukari da aka kwantar. Shi ke tambaya da dubawa, ni ina gefe. Ya saurari ƙirji, ya taɓa ciki, komai ya yi shi da kyau. Amma safar da ke ƙafar dattijon nan ba ta motsa ba har muka fito. Da yamma na buɗe bayanan a kwamfuta, sai na ga ya rubuta wai ya duba ƙafafu, babu gyambo, jijiyoyin jini suna bugawa, dattijo yana jin taɓi a tafin ƙafa.

Ranar da aka sa mana farar riga a shekarar farko, kowa ya sa hannu a takardar amana: ba ƙarya, ba satar amsa, ba ƙirƙirar bayanin mara lafiya. A ƙasa kuma akwai layin da ya hana ni barci, wanda ya ce duk wanda ya ga an karya amanar ya yi shiru, shi ma ya karya. Idan na kai rahoto, kotun amana ta ɗalibai ce za ta zauna a kansa. Yaron nan ba mugu ba ne, bashi ya ci yake karatun, yana da mata da jariri. Ku ba ni shawara don Allah.

Maman Sadiƙ:
Wa alaikumus salam 'yata. Shekarata ashirin da biyu ina aikin jinya, kuma kafin a shiga zancen kotu ina da tambaya ɗaya: an duba ƙafar dattijon? Sau da yawa mai sukari ba ya jin ciwo a ƙafa. Ƙusa za ta shige shi ya yini da ita. Likitan da zai karɓi aiki gobe zai karanta ya ga an rubuta lafiya lau, ya wuce. Sau nawa na kwance bandeji na tarar da yatsa ya yi baƙi saboda kowa ya dogara da rubutun na gabansa. Tashi ki je wurin likitan da ke kula da ku, ki ce a sake duba ƙafar. Wannan ba ya jiran shawarar kowa.

Ɗiyar Gwale:
Anti na yi hakan tun daren. Na ce wa likitar da ke sama da mu ina so in duba ƙafar da kaina don in koya. Muka je tare. Alhamdulillahi babu gyambo, amma ba ya jin taɓi a yatsu uku na hagu. Wato abin da aka rubuta ba daidai ba ne. Ta gyara a nata bayanin, ba ta tambaye ni komai ba.

Autan Samaru:
Ni abin da ban gane ba shi ne kotun. Ɗalibai su yanke wa ɗalibi hukunci? Mu a nan idan aka kama ka da takarda a ɗakin jarrabawa, fom ake ba ka ka cike, mai tsaro ya sa hannu, sai kwamitin malamai, daga nan majalisar jami'a. Ɗalibi ba shi da kujera sai ta wanda ake tuhuma. Yaya take aiki a can, Yaya?

Ɗiyar Gwale:
Kowace makaranta da nata tsarin, namu kawai zan iya faɗa. Kowane aji yana zaɓen wakilai biyu. Idan rahoto ya zo, a rubuce ne kuma da sunan mai kawowa, ba a karɓar na ɓoye. Shugaban kotun, wanda ɗan shekarar ƙarshe ne, sai ya naɗa mutum biyu su yi bincike. Su ji ta bakin mai ƙara, su ji ta bakin wanda ake tuhuma, su tattara takardu. In sun ga babu komai, magana ta mutu a nan. In akwai, sai a aika masa wasiƙa da abin da ake zarginsa da shi da ranar zama. A zaman ana cire 'yan ajinsa da duk wanda ke da alaƙa da shi. Malamai biyu suna zama don ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. Yana iya zuwa da mai dafa masa, ko da lauya ne, sai dai mai dafa masan ba zai yi magana ba, raɗa kawai zai yi masa. Ana kiran shaidu, yana yi musu tambaya. Ma'aunin shi ne wane ɓangare ya fi rinjaye, ba sai an kore duk wani kokwanto ba. In sun same shi da laifi, shawara suke miƙa wa shugaban tsangaya, daga gargaɗi zuwa maimaita darasi zuwa dakatarwa zuwa kora. Shi ke sa hannu, kuma ana iya ɗaukaka ƙara.

Baban Amir:
'Yata, na zauna a kwamitin maguɗin jarrabawa shekara shida, zan gaya miki abin da ba za ki so ji ba. Ki kai rahoto. Da satar amsa ce a jarrabawar sanin gaɓoɓi, da zan ce ki ja shi gefe ki yi masa faɗa. Wannan kuwa ƙarya ce a foldar mara lafiya. Aikinmu gaba ɗaya a kan rubutun juna yake tafiya. Ba ni da lokacin da zan sake auna kowane hawan jini da ƙaramin likita ya rubuta, dole in yarda da shi. Ranar da yardar nan ta karye, asibiti ya zama wurin caca da rayuka.

Kuma ba hasashe nake ba. A 2005 Maxine Papadakis ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinta sun fitar da bincike a mujallar New England Journal of Medicine. Suka ɗauki likitoci 235 da hukumomin lasisi suka hukunta, waɗanda suka fito daga makarantu uku, suka koma suka buɗe fayilolinsu na ɗalibta, suka gwada da na takwarorinsu da ba a taɓa hukuntawa ba. Suka tarar wanda aka rubuta masa rashin ɗa'ar aiki tun yana ɗalibi ya ninka sauran kusan sau uku wajen faɗawa hannun hukuma daga baya. Abin da ya fi nuna alama shi ne rashin riƙon amanar aiki, sai kuma rashin karɓar gyara. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malam Na Maraɗi:
Dakta, da girmamawa, ban yarda a yi gaggawa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa masa duniya da lahira. Na san yaron ba lallai musulmi ba ne, amma mu tarbiyyarmu ke nan. Sannan ƙanwata, kin tabbata bai koma ɗakin ba bayan kun rabu? Tsakanin safe da yamma akwai sa'o'i. Ke kin ga abin da ya faru a gabanki ne kawai.

Baban Amir:
Malam, shi kuma hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu fa? Rufin asiri yana kan laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. In akwai haƙƙin wani na uku, kuma na ukun nan yana kwance bai san me aka rubuta a kansa ba, shirun ya zama taya zalunci. Amma tambayarka ta biyu ta yi ma'ana, na karɓa.

Ɗiyar Gwale:
Malam gaskiyarka, ban yi tunanin haka ba sai da ka faɗa. Lokacin da ya sa hannu a bayanin minti arba'in ne bayan mun fito, kuma a cikin minti arba'in ɗin muna tare a wurin darasi kusan rabin sa'a. Zai yiwu, amma da wuya. Rantsuwa dai ba zan iya yi ba.

Baristan Tudun Wada:
To kun ga inda aikin kotun yake. Ƙanwarmu ba za ta iya rantsuwa ba, shi kuma ba a ji ta bakinsa ba. Ni damuwata ba wanda ke zaune a kujerar ba ce, ɗalibi ko farfesa. Damuwata ita ce me aka ba wanda ake tuhuma don ya kare kansa.

Ku tuna abin da ya faru a makarantar likitanci ta Geisel da ke Dartmouth a 2021, lokacin korona ana jarrabawa daga gida. Makarantar ta tuhumi ɗalibai 17 da leƙa darasi a manhajar Canvas suna tsakiyar jarrabawa. Hujjarta ita ce bayanan da manhajar ke ajiyewa na shige da fice. Ɗaliban suka shaida wa jaridar New York Times cewa ƙasa da sa'a 48 aka ba su su shirya, ba a ba su cikakkun bayanan ba, wasu minti biyu aka ba su su yi magana a zaman da aka yi ta intanet, kuma an ba su shawara su amsa laifi don a sassauta musu. Aka wanke bakwai, goma aka yanke musu hukunci, daga faɗuwa darasi har kora. Sai masana kwamfuta suka nuna cewa Canvas tana iya sabunta shafi da kanta a waya ko wata na'urar da aka bari a buɗe, ba tare da kowa ya taɓa ba. A watan Yuni na shekarar shugaban tsangayar, Duane Compton, ya janye tuhumar gaba ɗaya ya ba su haƙuri. Wannan kwamitin makaranta ne, da manyan malamai a ciki. Bai hana su kusan kashe wa mutum goma rayuwa a kan hujjar da ba su fahimta ba.

Autan Samaru:
Barista, ba za su iya kai ƙara kotun ƙasa ba?

Baristan Tudun Wada:
Suna iya, amma hanyar ƙunci ce. A Amurka kariyar da tsarin mulki ya ba mutum ta a saurare shi tana aiki ne a kan makarantun gwamnati. Dartmouth mai zaman kanta ce, don haka sai dai ka ce ta saɓa wa ƙa'idar da ta rubuta da hannunta, wato ƙarar karya yarjejeniya. Ko a na gwamnatin ma akwai wani rami da ya kamata ƙanwarmu ta sani. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar Horowitz, wata ɗalibar likitanci a Jami'ar Misuri da ke Kansas City da aka sallama a shekararta ta ƙarshe saboda malamai ba su gamsu da aikinta a gaban marasa lafiya ba. Kotun ta raba abu biyu. In korar ta ladabtarwa ce, wato ana cewa ka aikata kaza, dole a sanar da kai a ji ta bakinka. In kuwa ta karatu ce, wato malamai sun auna sun ga ba ka kai ba, ba dole sai an yi zaman sauraro ba, kuma alƙalai ba sa son sa baki a hukuncin malamai. Ta sake jaddada hakan a 1985 a shari'ar Ewing da Jami'ar Mishigan.

Abin lura shi ne, a makarantar likitanci ɗa'ar aiki tana cikin abin da ake ba maki a kai. Ke nan laifi ɗaya, kamar wannan na safa, ana iya bi da shi ta kotun amana inda zai sami wasiƙa da shaidu da damar tambaya, ana kuma iya bi da shi ta takardar makin da babban likita zai cike, a rubuta masa rashin gaskiya, ya faɗi, ba wanda ya tambaye shi. Shi ya sa nake ganin masu cewa kai shi kotu zalunci ne ba su duba ɗaya hanyar ba.

A gida ma mun san wannan. Bayan tarzomar ɗalibai ta 1983 a Jami'ar Maiduguri an kori wasu, suka je har Kotun Ƙoli, a 1986 ta ba su gaskiya a shari'ar Garba. Ɗaya daga dalilan shi ne wanda ya shugabanci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Mutum ba ya alƙalanci a shari'ar da yake da ciwo a ciki.

Likitan Ohayo:
Sannunku. Yanzu na fito daga aiki na karanta duka. Ina cikin masu tace takardun masu neman horon ƙwarewa a asibitinmu, bari in ƙara abin da ba a faɗa ba. Duk ɗalibin da zai gama, makarantarsa tana rubuta masa doguwar wasiƙar da muke kira wasiƙar shugaban tsangaya, kuma akwai gurbi a cikinta na ko an taɓa ɗaukar mataki a kansa. Bayan nan fom ɗin lasisi na jihohi da na asibitoci suna maimaita tambayar. Ma'ana, hukuncin da yara 'yan shekara ashirin da biyar suka yanke da daddare bayan sun gaji da zagayen marasa lafiya zai bi mutum har furfura. Wannan ne ke sa ni ɗari-ɗari da kotun ɗalibai a makarantar likitanci musamman. Sau da yawa ajin bai fi mutum ɗari da wani abu ba. Kowa ya san kowa, an san wanda ya nemi wa aka ƙi shi, kuma dukansu gurbi ɗaya suke kokawar samu. Ko an cire 'yan aji, na sama da na ƙasa ba baƙi ba ne.

Akwai kuma maganar wa ake gani. Jami'ar Bajiniya tana da tsarin amana tun 1842, ɗalibai ke riƙe da shi, har da wakilan makarantar likitanci a kwamitin. Su da kansu suka fitar da rahoto a 2019 da ya nuna a wasu shekarun baƙaƙen fata, daga baya kuma 'yan Asiya da ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje, sun fi yawa a cikin waɗanda aka hukunta fiye da kasonsu a jami'ar. Wanda ya bambanta da jama'a ido ya fi sauka a kansa. Ƙanwata, ke da kika sa hijabi a asibitin Amurka kin san abin da nake nufi.

Baban Amir:
Dakta, to sai a bar wa malamai? Mu da muke da malamai zalla, na ga an rufe maganar ɗan wani da waya ɗaya, na ga an kori ɗan talaka a kan guntuwar takarda. Ɗalibai aƙalla sun san yadda abin yake. Sun san cewa manhajar asibiti tana da rubutun da ake dannawa ya cika shafin gwaji gaba ɗaya da lafiya lau. Farfesan da ya bar rubuta folda shekara goma bai san wannan ba.

Likitan Ohayo:
Wannan batu ne babba, Dakta, kuma ina zargin shi ne abin da ya faru a nan. Danna maɓalli ɗaya ne, shafin ya cika daga kai har ƙafa, sai ka goge abin da ba ka duba ba. Mai gaggawa ya manta. Ba na wanke shi, don sa hannu shaida ce, amma sakaci daban, ƙarya da gangan daban, kuma kotun kirki aikinta ke nan ta raba su. A Bajiniya abu uku ake tambaya: ya aikata, ya san ko ya kamata ya san laifi ne, kuma abin ya kai girman da zai ɓata yarda tsakanin jama'a?

Ban ce a bar wa malamai ba, amma su kansu masu tsarin suna sauya shi. Bajiniya ta yi shekara 180 da hukunci ɗaya tal, kora ta har abada. Abin da hakan ya jawo shi ne mutane da yawa suka daina kai rahoto, don ba wanda ke son ya kashe wa abokinsa rayuwa a kan ƙaramin abu. A 2022 ɗaliban suka jefa ƙuri'a suka mai da shi dakatarwar zango biyu, a 2023 suka kawo hukunci hawa-hawa. Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill kuwa a 2024 ta karɓe shari'ar daga hannun ɗalibai bayan fiye da shekara ɗari, ta miƙa wa ma'aikata, tana kukan jinkiri da nauyin da ya yi wa ɗaliban yawa. Ɗalibai da dama ba su ji daɗi ba.

Maman Sadiƙ:
Ni duk wannan tarihin na ji, amma yaron nan har yanzu ba wanda ya tunkare shi. 'Yata, ki same shi ku biyu, ba a waya ba, ba a gaban kowa ba. Kar ki ce ka yi ƙarya. Ki ce na ga ka rubuta ƙafa, ni ban ga mun duba ba, ka koma ne? Ki yi shiru ki saurara. Yadda zai amsa zai gaya miki fiye da abin da duk mu nan za mu gaya miki.

Baristan Tudun Wada:
Na goyi bayan Anti, da sharaɗi biyu. Ki fara karanta ƙa'idar makarantarku ki ga ko akwai wa'adin kai rahoto, kar ki ceci wani ki jefa kanki. Ki kuma duba ko akwai sassauci ga wanda ya kai kansa. Bajiniya tana da shi, wanda ya fito ya amsa kafin ya san ana zarginsa ba a ɗauke shi mai laifi ba. Makarantu da yawa suna da irinsa. Sannan ki rubuta abin da kika gani yau, da lokaci, ki ajiye, kar ki ƙara ko harafi a kan abin da idonki ya gani.

Malam Na Maraɗi:
Idan hanya ke nan, na janye ƙin da na yi. A ba shi dama ya gyara da hannunsa.

Ɗiyar Gwale:
Na dawo. Allah ya saka wa kowa da alheri. Wa'adinmu kwana goma ne, kuma akwai sassaucin da Barista ya ambata, sai dai ba wankewa ba ce gaba ɗaya, za a zauna amma za a duba cewa shi ya kawo kansa.

Na same shi jiya bayan azahar, na yi yadda Anti ta ce. Ya yi shiru ya daɗe. Ya ce bai koma ba. Ya danna rubutun da ke cika shafin, ya ga layin ƙafar, ya ce a ransa zai je ya duba bayan darasi, sai aka kira shi wani wurin. Wato ya gani, ya bari. Da na gaya masa yatsu uku ba sa jin taɓi, idonsa ya kawo ruwa. Ya tambaye ni ko zan kai shi. Na ce na fi so ya kai kansa, amma in ranar Juma'a ta wuce bai yi ba, zan rubuta. Bai ji daɗi ba, kuma ban ga alamar za mu koma yadda muke ba.

Yau da safe ya je wurin likitar da ke sama da mu, daga nan ya aika wa shugaban kotun wasiƙa. An sa zama nan da mako uku, kuma an ce za a kira ni shaida. Daga yanzu doka ta hana ni ƙara cewa komai a kan shari'ar, don haka kar ku ga na yi shiru. Dattijon an sallame shi, an rubuta masa ganin likitan ƙafa da takalmi na musamman.

Likitan Ohayo:
Idan suka tambaye ki halinsa, ki faɗi yadda ya saurari ƙirjin da kyau kamar yadda kika faɗa mana a farko. Shi ma yana cikin abin da kika gani. Ki turo min saƙo ta gefe kafin ranar, in gaya miki irin tambayoyin da ake yi wa shaida.